Kwana Casa'in na Bappa Hayatu

Bappa Hayatu ne kaɗai mutumin da na sani a Jimeta da zai sayi sabuwar fanka ya zauna ya karance takardar cikin kwali kafin ya jona ta. Ɗan cikin garin Yola ne, jikan malamai. Ya shekara ashirin yana jera fayil a wata ma'aikata kafin ƙungiyar agajin da nake wa aiki ta ɗauke shi a 2014, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka kwararo mana daga su sai kayan jikinsu. Ni ce a teburin karɓar baƙi. Shi kuma aikinsa ya naɗi muryar kowane ɗan gudun hijira yana ba da labarinsa, ya ɗora a rumbun ajiya na intanet.

Wani masani aka turo daga Abuja ya tsara mana rumbun. Kwana biyu ya yi, ya ci kifin Binuwai, ya leƙi 'yan gudun hijira ta gilashin mota, ya yanke cewa nan da wata uku kowa ya koma gida. Saboda haka ya kafa wa rumbun doka: duk fayil ɗin da ya cika kwana casa'in ya goge kansa. Babu tambaya, babu sallama, babu kwandon shara da za a je a tono. Ya kama hanya da mabuɗin canza dokar, Allah ya ƙara masa basira duk inda yake.

Bappa ne ya gano, tunda shi kaɗai ke karanta abin da allo ya rubuta kafin ya danna. Ya zauna ya rubuta bayani shafi goma sha biyu, ya sa masa suna "Yadda Fayiloli Ke Mutuwa". A ciki ya nuna cewa ƙirgen kwanakin daga ranar da aka ɗora fayil yake farawa. Ko kullum kake buɗe shi ba ka ƙara masa ko yini ɗaya ba. Amma in ka sauke shi ka sake ɗorawa, rumbun zai ɗauka sabo ne, ya fara ƙirge daga farko. Ya raba wa kowannenmu kwafi. Nawa ya yi min amfani sosai, da shi nake fifita in an ɗauke wuta.

Ya rubuta wa hedikwata a canza dokar, aka ce ana kan dubawa. Shekara tara ana kan dubawa. Shi kuwa duk bayan kwana tamanin sai ya ja jan biro a kalanda, ya yi kwana uku yana sauke muryoyi yana mayarwa. Mu da muka fi shi wayewa muna cewa Bappa ya fara yi wa kwamfuta wanka.

Akwai wata Debbie, 'yar Michika, tana toya masa tana sayar wa ɗalibai a Sangere. Mijinta Absalom ya ba da bayaninsa na minti goma sha ɗaya, bayan mako guda ya koma ɗauko mahaifiyarsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ko hotonsa ba ta tsira da shi ba. Duk watan Nuwamba take zuwa, Bappa ya ba ta kujerarsa, ya kunna mata, ya fita waje. Ta taɓa roƙonsa ya tura mata a waya, ya ce dokar ofis ta hana. A nan ne har yau nake jin haushinsa.

A watan Yuli na 2023 aka ce Bappa ya tsufa, aka kawo Jerry mai satifiket uku. An sha lemo, an ba Bappa agogon bango. Ya miƙa wa Jerry littafin nan nasa mai shafi goma sha biyu da hannu biyu, ya fara bayani.

"Baba, no wahala," in ji Jerry. "Yanzu komai otomatik ne."

"Ai shi nake gaya maka, ɗana."

Muka yi dariya. Bappa ya koma gonarsa a Ngurore. Sau huɗu ya kira Jerry, Jerry yana mitin. Ni ma ya kira ni sau ɗaya, na ce zan tuna wa Jerry, ban tuna ba. Tunda cikin kwana uku aka sake ɗora su duka, cikin kwana uku suka tafi, muryoyi dubu huɗu da wani abu, kuma babu wanda ya lura.

Debbie ta zo a Nuwamba da sabon zane. Jerry ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Madam, matsalar netwok ne, ki dawo gobe." Ta dawo goben. Ranar ce na fara buɗe littafin da nake fifita da shi, ban wuce shafi na biyu ba na gane abin da ya faru. Na kira Bappa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Bayan la'asar ya sauka daga Keke Napep da laka a takalminsa, ya zauna a benci kusa da ita.

"Debbie, na sha jin bayanin maigidanki, na haddace shi," ya ce. "In kin yarda in karanta miki."

Ya fara, tun daga suna da unguwa, har inda Absalom ke cewa dawarsa ta kusa isa yanka. Bai tsallake kalma ɗaya ba. Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta gyara ɗankwalinta ta miƙe.

"Na gode, Baba," ta ce. "Magana ɗin ni ma ina da shi a kaina. Akwai wurin da yana yin tari, ya ce a yi haƙuri. Shi ne nake zuwa ji."