Rumbun da Na Zana

Ni na kawo shawarar rumbun, babu wanda ya sa ni. Lokacin ina aikin zane a wani ƙaramin kamfani a Kano, muna yin manhajar waya ta matan karkara masu koyon boko a gida. Nawa aikin shi ne 'yan hotunan da ake dannawa: na gaba, na baya, na sauraro. Da aka zo kan hoton ajiye amsar jarrabawa, wanda aka saba yi da faifan kwamfuta, na ce wane irin faifai kuma, wa ya taɓa ganinsa a ƙauye? Na zana rumbu da jinkarsa, har da duwatsun ƙarƙashi. Oga ya yaba, kaina ya kumbura, na ce a cire rubutun da ke ƙasa, hoton ya isa.

Yayata tana cikin ɗaliban. Mijinta ya rasu, ta dawo gidanmu a wani ƙauye kusa da Bici da 'ya'ya uku. Asibitin yankin zai ɗauki matan zagayen rigakafi, amma sai mai takardar shaidar karatu, kuma wannan jarrabawar ce za ta ba ta takardar. Wata bakwai tana karatu, waya jingine da turmi, ita tana tankaɗe.

Ranar jarrabawa aka rufe da ƙarfe huɗu. Na buɗe jerin waɗanda amsarsu ta shigo, na duba sama da ƙasa, babu sunanta. Na kira ta.

"Tun azahar na gama," in ji ta, tana dariya. "Ko ɗaya ban bari ba."

"Yaya, kin danna rumbun?"

"Rumbu kuma? Ni da rumbu? Ai na ɗauka na malamai ne."

A gidanmu mace ba ta buɗe rumbu. Baba ne ke hawa ya ɗaga jinka ya ɗebo dawa, Inna na tsaye a ƙasa da ƙwarya. A gabana aka yi ta yin haka har na girma, amma ni, sarkin wayo, na ɗauko shi na ajiye wa mata.

Na faɗa ofishin oga ko sallama babu. Na ce a buɗe minti goma, goma kawai. Ya ce sakamako ya riga ya wuce hukuma, ba a hannunmu yake ba. Washegari na tafi hukumar, na wuni a benci. Na roƙi wani Alhaji don Allah don Annabi, wallahi har na durƙusa. Ya ce, "Malam, tashi. Sai baɗi." Asibiti kuwa a satin zai rufe ɗauka.

Ranar Asabar na je gida, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a ƙasa na ce mata ni na zana shi, ni na sa aka cire rubutun, laifina ne ba nata ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Can ta ce, "A wajen aikinku sun san ni yayarka ce?"

Na ce a'a.

"To kada ka faɗa musu. Kar su ce 'yan gidanku ba su da kai, kai ma su sallame ka."