Motata ta daina kuka

Jiya na tsaya a ƙofar gidan Malam Idi a Sule Tankarkar, bai ko ɗago kai ba.

Shi kaɗai ya rage mini cikin abokan makaranta, kuma idanunsa sun tafi. In na zo daga Gumel, da kukan motata yake gane ni tun daga kwanar gidansa, ya ɗaga murya: "Ga amalanken Gumel nan!"

Makon jiya na kira makaniki har gida ya sauya shokabzoba, ƙarafan nan da ke rage jijjigar mota, domin bayana ya gaji da girgiza. Motar ta yi shiru.

Sai da na yi sallama ya zabura.

"Sani, kai ne? Ina kukan?"

"Na gyara ta."

"Haba! To da me zan riƙa jiranka?"

Bayana ya huta, raina bai huta ba. Tsofaffin shokabzoban suna nan a zaurena. Jama'a, in mayar da su jikin motar?