Shaidar da Na Binne wa Kawu Kofi

Ranar wata Asabar ta damina a shekarar 1998, a tsakar gidan benen da muke haya bayan titin Huanshi Lu a Guangzhou, na durƙusa a gindin bishiya ina haƙa ƙasa da ludayin miyar Umma. Shekaruna goma. A kaina ga Abba da carbinsa, ga maƙwabcinmu Kawu Kofi da na jawo da kuka, ga wasu tsofaffin Sinawa mata uku da suka katse motsa jikinsu don su ga abin da 'yar baƙin nan ke nema. Ni kam na san abin da zan tono, domin ni na binne shi ranar Laraba.

Kawu Kofi mutumin Kumasi ne, a bakin zango ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ya sha ta a nono. Shi ke yi wa Abba lodin kaya zuwa Legas, shi ke duba mini aikin Turanci, kuma Kirista ne ɗan ɗarikar Mormon. Addininsa ya hana shi shayi, don haka kullum bayan la'asar Abba na kurɓar shayinsa, shi yana kurɓar ruwan zafi zalla, ni ina shanya wanki a sandar gora ina kasa kunne. Bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba; Abba ne ba ya barin zance ya kwanta. Littafinsu ya ce wasu mutane sun tashi daga Ƙudus suka ƙetare teku zuwa Amurka, suka gina birane, suka mallaki dawakai, suka yi yaƙe-yaƙe da takubban ƙarfe. An rubuta labarin a allunan zinariya, wani saurayi ya tono su a kan tsauni, daga baya mala'ika ya karɓe abinsa. "To Kofi, ina takobi ko guda?" in ji Abba. "Ko kangon kakana a Fagge ka haƙa, ba ka rasa tsingaro." Kawu ya ce ana nan ana haƙawa. "Su ƙaro lebura mana," in ji Abba.

Wata rana barkwancin ya zarce gona da iri. Kawu ya ajiye kofinsa a hankali ya fita, mako biyu bai leƙo mu ba. Umma ta ci gaba da zuba tuwonsa bisa mantuwa, Abba yana juya cokali a shayin da babu sukari, ni kuma na fara cin jan biro a Turanci.

A cikin makonnin nan aka kai ajinmu gidan tarihi, kabarin wani sarki da magina suka yi kiciɓis da shi a cikin tsauni. Na ga takubba sun ci tsatsa, kowanne da 'yar takardarsa a gefe. Malamarmu ta ce, "Ƙasa ba ta ƙarya." Nan dabara ta faɗo mini. Abba abin da ya fito daga ƙasa yake so, mu kuwa muna garin da in ka kai samfurin abu yau, gobe a ƙera maka dubunsa. Sai na zare wani allon tagulla daga samfuran Abba, irin wanda ake maƙalawa a ƙofar ofis. Na karce shi da ƙusa: baƙaƙen Larabci kaɗan, rubutun Sinanci da na kasa iyawa a aji, sannan doki a tsakiya. Na tsoma shi kwana biyu a shayin Abba, domin na ji 'yan kasuwa na cewa haka masu sayar da kayan dā ke tsufar da hajarsu. Cewa a Amurka ya kamata a tono shi, ba a ƙarƙashin igiyar shanyarmu ba, wannan bai zo mini ba. Labarin ƙasa bai taɓa zama abokina ba.

Da ludayi ya yi ƙara, na ɗaga allon ina haki. Abba ya karɓa, ya dubi hudojin ƙusa huɗu, ya juya bayansa inda tambarin masana'anta ke ƙyalli. "Ashe mutanen naku sun yada zango a nan kafin su wuce." Ɗaya daga cikin tsofaffin ta sansana allon, ta faɗi sunan ganyen shayin daidai. Sai Abba ya miƙa wa Kawu, fuska ba wasa: "Ga shaida ta fito daga ƙasa. Karɓi, ni kuma na janye maganata, ba na ƙara tambaya."

Kawu ya daɗe yana duban allon. "A'a, Alhaji. Da ƙaryar da za ta tsaya mini, gara tambayarka." Ya waiwayo gare ni. "Hadiza, dokin nan naki akuya ne."

Abba ya goge ƙasar da ke jikin allon. Can ya ce, "A garin nan, wanda aka miƙa wa jabu kyauta ya ƙi, ba a barinsa tsaye a waje. Mu hau, a ɗora maka ruwan zafinka." Ni kuwa na samu wankin tukwane na mako guda, da lakabin Gwanar Tono.

Na karanta abin da masu haƙar tarihi suka rubuta tun daga lokacin. Takubban ba su fito ba, dawakin ma haka, kuma Kawu ya koma Kumasi da imaninsa cif. Abba bai daina tambaya ba har suka rabu, sai dai allon ya zama matashin butar da ke tsakaninsu. Yanzu gardama irin wannan a waya ake yinta, kowa na tura hoton shaidar da bai san wanda ya jiƙa ta a shayi ba, ba kuma wanda ke ɗora wa abokin gardamarsa ruwa. Allon yana kan teburina, akuyar ta yi kore. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ita ta nuna mini mai gaskiya.