Farantin Fedar da Na Saya da Arha

Tsakar rana na jingine kekena marar giya a gindin gawo, hanyar Maijirgi. Ba iska, ba kowa, sai feda ta kama juyawa da kanta.

Shekaranjiya na sa wa keken farantin feda na hannu a kasuwar Tasawa, don sabo ya fi ƙarfina.

Na koma wurin tsohon da ya sayar mini. "Baba, me ke cikin ƙarfen nan?"

Ya ce, "Hannun fedar ne ya karye, maƙeri ya ƙera wani da guntun takobin da aka tono a kufai, tun na kafin zuwan Nasara. Gaba take juyawa ko baya?"

"Baya."

"To, takobin ne ke neman mai shi."

Wallahi a ƙasa na koma gida. Ku da kun hau?