Zaren Kawu Mai Launi Uku

Duk garin Yendi babu mai idona a saƙa, ko makaho ya sani. Jiya 'yata ta nuna mini a littafin lissafinta cewa harafi uku sun isa a yi ta jerawa har abada, ba jerin da zai maimaitu nan take. Sai na tuna marigayi Kawu yana jera zare fari, baƙi, shuɗi, yatsunsa na ƙamshin shuni. Dokarsa ke nan, kada jerin launi ya maimaitu nan take, ni kuwa na mai da shi abin dariya a kasuwa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini.

Ranar da na gwada bin dokar a gabansa, na maimaita jeri, na kuma rantse ban yi ba. Bai yi faɗa ba. Ya shafa zaren ya ce, "Ɗana, bakinka ya kai har garin Bawku, hannunka bai wuce zare shida ba."