Yadda Na Zana Inna Ta Baya

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato aka maido ni Aliero a matsayin malamin gona. Aikina albasa: in duba iri, in duba dashe, in gaya wa mutanen da suka gaji noman tun kaka da kakanni yadda za su yi shi, su ce mini to, su ci gaba da nasu. Na ji daɗin dawowar, don Inna tana Jega tare da ƙanwata, kuma tun rasuwar mahaifinmu hankalinta ya fara gushewa. Takan ɗora tukunya babu ruwa, ta riƙa cigiyar mutanen da suka mutu tun ina goye.

Wata ranar kasuwar Jega ƙanwata ta shiga wanka, ta fito ta tarar da ƙofa a buɗe. Kafin saƙo ya iske ni rana ta yi tsaka. Na hau babur ɗin aiki na taho, duk hanya gulbi kawai nake gani a idona, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ruwa yana nan cike.

Mun bi kasuwa rumfa-rumfa, mun je tasha, mun je asibiti, mai shela ya zaga unguwanni. Duk wanda muka tarar sai ya ce yaya take. Ƙanwata ta ce doguwa ce, siririya, wankan tarwaɗa, da shuɗin zane. Wani mai tireda ya nuna mana layin tsofaffi masu sayar da daddawa ya ce, “Ga su nan, ku zaɓi taku.” Da ƙyar aka janye ni daga gabansa. Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa. Hoto kuwa babu, Inna ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban mai hoto ba.

Aka kwana, aka sake kwana. Abinci ya daina wuce mini. Masu zuwa jaje suka fara sassauta murya irin ta gidan mutuwa, ni kuma ina jin kamar in kore su da sanda. A nan ƙanwata ta dube ni da jajayen idanu ta ce, “Yaya, ba kai ka zane ba can makaranta? Zana ta mana.”

Na yi zane kam. A sakandare muna da wani malami mutumin Gana da yake ɗora tulu kan tebur ya ce mu zana. Mukan yi masa dariya, wai mu da za mu zama manyan ma’aikata aka zaunar gaban tulu. Idan ka kai masa naka sai ya ce wannan tulun cikin kanka ne, koma ka dubi na kan tebur. In ka koma sai ka ga ashe bakinsa a karkace yake, ashe gefe ɗaya ya fi ƙonewa. Da wannan idon nake gane ganyen albasa mai cuta tun bai kwanta ba, amma ban taɓa gode masa ba, don ban lura daga wurinsa na samo ba.

Na ɗauki fensir da takarda na zauna a zaure, sai hannuna ya tsaya. Ni ne ɗan farin Inna, ita kuma jinin Fulani ce, kunyarta ta wuce ta kowa. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Kakata ce ta raine ni. In na shiga ɗaki ta fita, in na gaishe ta ta amsa tana duban bango, ni ma ina duban ƙasa. Na yi shekaru ina aika mata da atamfa da goro, amma ka ce in faɗi yadda hancinta yake, ban sani ba. Uwata ta ɓace, ni kuma ban san fuskarta ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan zaman ba.

Ƙanwata ta yi ta kwatantawa ina zanawa. Abin da ya fito wata mata ce da ba mu taɓa gani ba. Kawunmu ya leƙo ya ce, “Ana biɗar mutum da addu’a, kai kana zanen mai rai? Mi wanga zai ƙara muna?” Na yayyaga takardar, na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana’izar mahaifina.

Da na dawo sai maganar mutumin Gana ta faɗo mini. Na bar abin da aka gaya mini, na tambayi kaina me idona ya taɓa gani. Bayanta na gani. Tun ina yaro bayanta nake gani tana fita daga inda na shigo. Hannuna ya kama tafiya da kansa: kafaɗar hagu da ta sauka ƙasa da ta dama, ƙafar da take jefawa waje tun da saniya ta harbe ta tana budurwa, jelar ɗankwali da take bari ta sauko wuya, hannun dama a baya riƙe da bakin zane. Ƙanwata ta kalla ta toshe baki. Kawu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce tunda babu fuska ba komai, in yi sauri.

Na soka takardar a aljihu na kama hanya. A bakin gada babu wanda ya gane. A Alelu wasu masu yankan dawa suka karɓa suna juyawa, ɗayansu ya ce, “Wagga tahiya na gan ta. Mun ba ta ruwa, tac ce gida za ta, tay yi kudu.” Na tambaye shi fuskarta, ya ce shi bai duba ba, tsohuwa ce dai. A tashar Maiyama na nuna wa duk mai ido, har wani ya ce ko na taɓu ne, ina yawo da bayan mace a takarda. Rana ta fara sanyi, man babur ya yi ƙasa, ni kuma na fara tunanin a wane rami zan same ta.

Wata mai tallan nono ce ta tsaya a kaina tana leƙe. Ta sa yatsa kan ƙafar nan ta ce, “Gurguwar tsohuwa? Tana rugarmu, gab da Gumbin Kure. Ba ta da zance sai a kai ta ga babanta.” Sai a lokacin na tuna a wajen aka haifi Inna, a wata ruga da ta tashi tun kafin a yi mata aure. Babu wanda ya yi tunanin neman ta a wurin da babu shi.

Na same ta zaune kan tabarma, ƙafafunta a kumbure, sun shafa mata man shanu. Na durƙusa. Ta ɗago ta zuba mini ido, kai tsaye, kamar yadda ake duban baƙo. Ashe tana da ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu. Ashe girarta irin tawa ce. Ta ce, “Ɗan wa ne kai? Ka sha wuya, ku ba shi hura.” Na yi ta kallo, ina tattara duk abin da zan iya, ina roƙon Allah a zuci ya maido mata da hankalinta.

Na ce, “Inna, mu tahi gida.” Ta saurari muryar. Idonta ya tsaya kaina kaɗan, sannan a hankali ta ja ɗankwali ta juya fuskarta wajen bangon zana. Matan rugar suka ce wayyo, ba ta gane ka ba. Na ce musu yanzu ta gane ni.