Inda Allura Take Tsayawa

A layin da rumfarsa take, Mai Agogo ake ce masa, domin gyaran agogo ne sana'arsa tun yana saurayi. Kaɗan ne suka san cewa shi ya rubuta wasu ƙananan littattafan labari da ake gani jefi-jefi a teburin masu sayar da takardu, waɗanda bangonsu ke koɗewa a rana. Ba su kawo masa suna ba, ba su canza masa rufin ɗaki ba. Amma matarsa ta san rubutun nan ne ransa, agogo kuwa abin kai wa baki ne kawai.

Ita aikinta sa maɓalli da kalmasa. Wani tela ne yake aiko mata da riguna cikin buhu, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, ta yi ta soka allura. Kullum bayan la'asar Mai Agogo zai dawo, ya wanke hannu, ya jawo kujerarsa mai gurguwar ƙafa, ya ce, "Mai allura, aron kunne."

"Wanda ka ara jiya ma ba ka dawo da shi ba," in ji ta.

"Yana rumfa, ina gyara shi. Baya yake yi."

Sai ya karanta mata abin da ya rubuta a ranar, tana ɗinki. Bai taɓa tambayarta ya ta ji ba, ita ma ba ta taɓa cewa komai ba, don karatunta bai yi nisa ba, tana ganin ba hurumin ta ba ne. Wani shafin ya linke ya sa a akwati, wani ya yaga nan take. Ta ɗauka jin daɗin karatu a bayyane ne kawai yake sa shi zama gabanta. A haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar, gashi ya yi fari.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ƙananan kusoshin agogo suka soma ɓace masa a tafin hannu, har ya rufe rumfa. Likita ya ce jijiyar ce take mutuwa, ba ta dawowa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. A lokacin ne ya fara littafin da ya daɗe yana gudu, labarin yayansa, wanda ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, ya kuma rasu ba sa magana da juna. Da manyan haruffa yake rubutu, hancinsa kamar zai taɓa takarda. Ya ce mata, "In na gama wannan, ido ya tafi inda za shi."

Amma yagawa ta fi ajiyewa. Kwandon shara ya cika, akwati na nan wayam, hasken idonsa kuma kullum raguwa yake.

Wata rana autarsu ta zo daga gidan mijinta, ta ga uban yana yaga aikin yini guda. Ta bi uwar zuwa ɗakin girki, ta rage murya.

"Umma, wai ke har yanzu ba ki gane ba? Hannunki fa yake kallo."

"Hannuna kuma?"

"Allurarki. In ya karanta wurin da ya yi kyau, sai hannunki ya tsaya ba ki sani ba. Shi ne yake ajiyewa. In kin ci gaba da ɗinki, ya yaga. Tun ina ƙarama ya gaya mini, ya ce kada in faɗa. Don Allah ki riƙa tsayawa, ko ya samu ya gama kafin idon ya rufe."

Uwar ta daɗe riƙe da ludayi. Ashe duk littattafan nan ta hannunta suka bi, ita ba ta da labari.

Washegari da ya karanta, ta tsayar da allura. Ya linke shafin. Jibi ma haka. Akwati ya soma nauyi, Mai Agogo ya koma cin abinci da kyau, har yana tsokanar jikoki. Ita kuwa in ta idar da salla sai abin ya dame ta, amma ta ce wa kanta ai taimako ne.

Ran nan ya zauna kamar kullum, ya matso da kujera kusa don ya fi ganin ƙyallin allurar. Ya karanta wani shafi a hankali. Ta tsaya. Bai linke ba. Ya ɗora takardar a gwiwa.

"Wannan na taɓa karanta miki shi kafin zuwan Auta. Ko gezau hannunki bai yi ba, na yaga. Yau da gangan na sake rubuta shi yadda yake." Ya ɗago kai. "Wa ya gaya miki?"

Hawayenta ya ɗiga a kan rigar mutane.

"Malam, tausayinka na ji."

"Na sani. Allah ya saka miki." Ya shafa murfin akwatin. "To yanzu a cikin waɗannan, wanne ne na gaskiya?"

Ta rantse masa za ta koma yadda take. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma da ya fara karatu sai hankalinta ya koma kan yatsunta. In ta tsaya, ta ce ko don shi na tsaya. In ta ci gaba, ta ce ko don in nuna masa ban tsaya ba ne. Labarin ma ba ta jin sa. Ya gwada karanta wa maƙwabcinsu, ya gwada wani tsohon malamin makaranta, kowa kafin a kai ƙarshe ya ce, "Ma sha Allah, ya yi daɗi." Ya daina kiran su.

Littafin ya tsaya a inda ƙanin ya isa ƙofar gidan yayansa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Daga nan bai ƙara ko kalma ba. Ido ya rufe. Ya yi sauran kwanakinsa a kan kujerar nan, bayan la'asar yana jin ƙarar zare na ratsa yadi, ba ya neman aron kunne. Bai taɓa yi mata gori ba, bai kuma yarda a tsawata wa Auta ba. Ita da ya yi faɗan ma da ta fi samun sauƙi. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Bayan ta fita takaba, tela ya ci gaba da aiko da buhu. Wata yamma Auta ta buɗe akwatin, ta ce bari ta karanta mata shafin ƙarshe. Tana cikin karatu sai ta ɗago.

"Umma, kin tsaya."

Uwar ta dubi allurar a tsakanin yatsunta, rabi cikin ramin maɓalli.

"Na gani," in ji ta. "Ni ma ban san ko wace irin tsayawa ba ce."

Ta ja zaren, ta ƙulle, ta ɗauko wata rigar.